Bayan shekara 40: yadda jiki ke sauyawa, da hanyar maido masa da ƙarfi

A Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, ba baƙon abu ba ne yanzu a ga magidanta da iyaye mata masu shekara 40 zuwa 55 sun fito tattaki bayan sallar asuba ko gab da magariba. Wasu likita ne ya kora su waje bayan awon jini. Wasu kuwa faɗuwar wani tsaransu ce ta girgiza su. Tambayar da ke ransu ɗaya ce: jikin da aka yi shekaru an bar shi zaune, zai iya dawowa?

Duk wanda ya bi ta kewayen filin wasa na Janar Seyni Kunce da sassafe zai ga layi biyu. A gaba akwai samari, ɗalibai da masu shirin jarrabawar shiga aikin soja ko jandarma, suna gudu kamar ƙasa ba ta taɓa ƙafarsu. A bayansu akwai wani ayari mai tafiya a hankali: ma'aikacin ofis da tumbi ya riga shi shiga kwana, ɗan kasuwa da carbi a hannu, mata biyu-biyu cikin hijabi da takalmin gudu. Wannan ayari na biyu shi ne wanda gidaje da yawa suka dogara a kansa.

Nijar ƙasa ce ta yara da matasa, kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba. Ma'anar wannan ita ce mutum mai shekara 45 da wuya ya kasance yana ɗauke da kansa kaɗai. Akwai kuɗin makarantar yara, akwai buhun hatsin da ake aika wa tsofaffi a ƙauye, akwai ƙannen da ba su samu aiki ba. Ranar da hawan jini ya kayar da irin wannan mutum, ɓarin jikinsa ya shanye, gida ne gaba ɗaya ke zama a ƙasa. Shi ya sa maganar motsa jiki a tsakiyar rayuwa ta wuce batun ƙyale ko son rage teɓa.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Sauyin yana farawa tun kafin furfura ta fito. Masana sun ƙiyasta cewa daga shekara 30, tsokar jiki na raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar na ƙara sauri bayan shekara 60. Mutum ba ya lura, domin sau da yawa kitse ne ke maye gurbin tsokar da ta tafi: ma'auni na nuna kilo ɗaya da na bara, amma hawa bene ya fara sa haki, tashi daga tabarma ya fara buƙatar dafa ƙasa.

Ita ma zuciya tana rage iyakar gudunta. Ƙididdigar da aka saba yi ita ce a cire shekarun mutum daga 220. Saurayi mai shekara 20 zuciyarsa na iya kaiwa wajen bugu 200 a minti, mai shekara 50 kuwa wajen 170. Jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi suna ƙara tauri, kuma ciwon da a da yake warkewa cikin kwana biyu yanzu sai ya kwashe mako biyu. Ga mata akwai ƙarin lamari: tsayawar al'ada, wadda galibi ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55, tana tafiya da raguwar sinadarin da ke kare ƙashi, sai ƙashi ya fara saurin laushi, kitse kuma ya koma taruwa a ciki.

Sai dai akwai wani zargi da ake ɗora wa shekaru wanda ba nasu ba ne. An daɗe ana cewa da zarar an kai 40 jiki ya daina ƙona abinci. A 2021 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani babban bincike da Herman Pontzer ya jagoranta, wanda ya auna mutane sama da 6,400 a ƙasashe 29. Sakamakon ya nuna cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, yadda jiki ke ƙona kuzari ba ya sauyawa tsakanin shekara 20 da 60. Sai bayan 60 yake fara sauka, shi ma da ƙasa da kashi 1 cikin 100 a shekara.

To me ya kawo tumbin? Rayuwa ce ta sauya. Yaron da ke taka ƙafa zuwa makaranta da gona ya girma ya sayi moto, daga baya mota. Nisan mita 500 zuwa masallaci ko kanti ya zama na kabu-kabu. Zama ya ƙaru: a ofis, a shago, a fada, gaban telbijin. Kwano kuwa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi da nama da lemun kwalba, tun da aljihu ya ɗan yi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon da ya kamata, kuma idan aka ci gaba a haka adadin zai kai kashi 35 a 2030.

Direba da mai karɓar kuɗin mota

Hujja ta farko mai ƙarfi a kan illar zama ta fito ne daga motocin haya. A 1953, wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya bi lafiyar ma'aikata kusan 31,000 na motocin sufurin birnin Landan, waɗanda da yawansu masu hawa biyu ne. Direba na wuni a zaune. Mai karɓar kuɗi kuwa na wuni yana hawa da sauka, yana taka ɗaruruwan matakala kafin ya tashi daga aiki. Mota ɗaya, hanya ɗaya, awowi ɗaya, amma direbobi sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma ya fi saurin kashe su idan ya zo.

Wannan labari ya shafi direban taksi a Yamai, mai babbar mota, da ɗan Nijar da ke tuƙa motar haya a New York ko Brussels. Aparanti da ke ɗora kaya yana sauke wa, wata rana zai zama direba, ya samu kujera. Ranar da ya samu kujerar ce ya kamata ya fara neman abin da zai maye masa gurbin wahalar da ya bari.

Jiki na karɓar gyara

Labarin da ya fi ba da ƙwarin gwiwa ya faru a birnin Dallas na Amurka. A 1966 masu bincike suka kwantar da samari biyar masu shekara 20 a gado na tsawon mako uku, ba tashi. Da suka sauko, ƙarfin zuciya da huhunsu ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Shekara 30 bayan haka aka sake kiran mutanen biyar, suna da shekara 50 da ɗoriya, duk sun yi ƙiba. Awo ya nuna cewa kwanciyar mako uku ta fi yi musu ɓarna a kan tsufan shekara 30. Daga nan aka sa su tafiya, sassarfa da tuƙa keke na wata shida, ana ƙara musu a hankali. A ƙarshe ƙarfin numfashinsu ya koma inda yake lokacin da suka fara shiga binciken suna samari.

Ita ma tsoka haka take. A 1990 likita Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi na Boston ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Idan tsokar mai shekara 90 ta amsa kira, ta mai shekara 45 ba ta da uzuri.

Ga masu tsoron ciwon suga ma akwai hujja. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya bi mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba. Waɗanda aka sa su motsa jiki na minti 150 a mako tare da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin kaɗai, da kashi 31 ya ragu. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan bai wuce kilo 6 da ɗan abu ba.

Tarkon ƙwallon ranar Lahadi

Kuskuren da ya fi yawa tsakanin maza shi ne komawa fili da zuciyar ɗan shekara 22. Mutum ya yi shekara goma bai yi gudu ba, abokai suka kira shi wasan tsofaffin ƴan ƙwallo, ya ɗaura takalmi ya shiga ba ko ɗumama jiki. Kai na tuna yadda ake yanke ɗan baya, amma agara da jijiyar bayan cinya sun manta. Tsinkewar agara ciwo ne da aka san shi da maza masu shekara 30 zuwa 50 da ke wasa jefi-jefi, kuma jinyarsa na cin watanni, wani lokaci har da tiyata. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne zuciya: gudu mai tsanani farat ɗaya ga wanda bai saba ba, kuma yana da hawan jinin da bai san da shi ba.

Fagen kokowa na da darasi a nan. Tun da aka fara gasar Takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe, babu jahar da ke tura ƴan kokowarta goma fage kai tsaye daga gida. Sai an yi zaɓe, an killace su, an yi makonni ana horo. Waɗannan matasa ne da ƙarfi ke cikin sana'arsu, amma ba sa raina shiri. Magidancin da ya taso daga kujerar ofis ya fi su buƙatarsa. Ƙwallon Lahadi ba laifi ba ne, amma a bari ta zama ladan horon da aka yi a sauran ranakun mako.

Awo kafin takalmi

Mataki na farko a likita yake. Hawan jini, wanda aka fi sani da tansiyo, yawanci ba ya ciwo, kuma OMS ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Awonsa minti biyu ne, ana yi a cibiyar lafiya ta unguwa da farmasi da dama. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama, wato 14/9 a yadda ake faɗa a nan, kuma aka maimaita a wata rana aka samu haka, lokacin ganin likita ya yi. A haɗa da awon suga da safe kafin a ci komai.

Akwai awon da ake yi a gida da igiya kawai. A auna tsayin mutum da igiya, a naɗe ta biyu, a zagaya ciki a saitin cibiya. Idan igiyar ba ta haɗu ba, faɗin ƙugu ya wuce rabin tsayi, kuma kitsen ciki ya fara kai matakin da ke jawo suga da ciwon zuciya.

Wanda ke da ciwon zuciya, ko suga, ko ciwon ƙoda, ya nemi shawarar likita kafin ya fara. Kuma duk wanda a tsakiyar motsa jiki ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ciwo na tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, jiri, ko numfashi na yankewa fiye da ƙima, ya tsaya nan take ya nufi asibiti. Mai shan maganin tansiyo kada ya ajiye shi don ya fara tattaki. Motsa jiki na iya sauke awon da maki 5 zuwa 8, amma likita ne ke da ikon rage magani.

Wata uku na farko

Ma'aunin OMS ga manya shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 150 na nufin rabin awa, kwana biyar. Gane matsakaici ba ya buƙatar agogo mai tsada: tafiyar da mutum zai iya magana a cikinta amma ba zai iya rera waƙa ba, ita ce.

Wanda ya daɗe a zaune ba zai fara da rabin awa ba. A wata na farko, minti 10 zuwa 15 na tafiya mai ɗan sauri sun isa, ana ƙara minti biyar duk mako. A wata na biyu a kai rabin awa, a nemi hanya mai ɗan tudu ko yashi. Sai a wata na uku, idan gwiwa ba ta yi ƙorafi ba, a fara cakuɗa sassarfar minti ɗaya da tafiyar minti biyu. Dalilin wannan jinkiri shi ne huhu da zuciya na saurin sabawa fiye da jijiyoyi da gaɓoɓi. Mutum zai ji numfashinsa ya buɗe tun kafin agararsa ta shirya, kuma a wannan tazara ce ake jin rauni. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin tsoka shi ne wanda aka fi mantawa, alhali shi ke maganin raguwar da aka ambata a sama. Ba ya buƙatar gidan motsa jiki mai kuɗin wata. A zauna a kujera a tashi sau goma ba tare da dafa hannu ba. A jingina tafin hannu a bango a tura jiki sau goma, daga baya a koma yi a ƙasa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka bido biyu masu lita 5 sun zama nauyin ɗagawa da na ɗauka a zagaya tsakar gida. A ɗaga dunduniya a sauke sau 15 don ƙarfafa agara. A tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30 kusa da bango, domin daidaiton tsayuwa shi ke hana faɗuwa a tsufa. Zagaye biyu ko uku, kwana biyu a mako, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani.

Masu ƙidaya taku a salula kada su karaya don ba su kai 10,000 ba. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙidaya taku a Japan a 1965. Wani nazari da ya haɗa bincike 15, wanda aka buga a 2022, ya nuna cewa amfanin na ƙaruwa har zuwa taku 8,000 zuwa 10,000 ga waɗanda ba su kai 60 ba, da 6,000 zuwa 8,000 ga waɗanda suka haura. Wanda ke yin 3,000 ya koma 5,000 ya riga ya ci riba.

Zafi, ƙura da azumi

Shawarar da aka rubuta a Turai ba ta san watan Afrilu na Yamai ko Tawa ba, inda zafi ke haura digiri 40. A lokacin bazara, bayan asuba ko bayan faɗuwar rana ne kawai lokacin fita, da ruwa a hannu, da tufafi masu sauƙi. Launin fitsari na ba da labari: idan ya yi duhu, ruwa bai isa ba. A hunturu kuma ƙura ce matsala, musamman ga masu asma. Ranar da hazo ya rufe gari, gara a yi aikin tsoka a ɗaki. A guji gudu a bakin kwalta lokacin cunkoso, saboda hayaƙi da kuma masu moto.

A watan azumi ba sai an daina ba. A rage tsanani, a mayar da tafiyar bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, lokacin da ake iya shan ruwa. Masu ciwon suga da ke shan magani ko allura su tsara wannan tare da likita, domin suga na iya faɗuwa.

Mata da maganar ƙiba

Alƙaluman OMS sun nuna mata sun fi maza ƙarancin motsa jiki, kashi 34 a kan 29. A biranen nan dalilan a bayyane suke. Daka da jan ruwa da suka riƙe jikin iyaye a ƙauye, injin niƙa da famfo sun ɗauke su, wanda alheri ne, amma ba a maye gurbinsu da komai ba. Ga kunyar fita, ga bakin mutane, ga kuma tsohon tunanin cewa matar da ta rame mijinta ne ya gaza. Har yanzu akwai masu shan ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a bakin hanya. Wasu daga cikinsu, irin su dexamethasone, suna kumbura jiki, su tayar da suga da tansiyo, su kuma raunana ƙashi a daidai shekarun da ƙashin mace ya fi buƙatar kariya.

Abin da ya fi sauƙaƙa wa mata shi ne fita a ƙungiya, kuma wannan ba sabon abu ba ne gare su. A jahar Maradi ne aka fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a 1991, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Matan da suka iya haɗuwa duk mako su zuba kuɗi ba fashi, za su iya haɗuwa su taka rabin awa, ko su yi aikin kujera da bido a tsakar gidan ɗayansu.

Ga waɗanda ke ci-rani

Ƴan Nijar da ke waje sun kasu biyu a wannan batu. Akwai masu zama: direbobi, masu gadi, masu tsaron shago, ga sanyin Turai da Amurka da ke kulle mutum a ɗaki watanni. Su abin da suke buƙata shi ne su karya zaman, su tashi ko na minti biyu ne duk rabin awa ko awa ɗaya, su sauka daga bas tasha ɗaya kafin gida, su hau bene da ƙafa.

Akwai kuma masu aikin ƙarfi: gini a Aljeriya da Libiya, dako a kasuwannin Akara, Abijan da Legas. Su kan ce aikinsu ya ishe su motsa jiki. Amma wuni ana ɗaukar siminti ba hutu, a cikin rana, wata da watanni, yana cinye baya da gwiwa, kuma bincike ya nuna ba ya ba zuciya irin amfanin da motsa jiki na ganin dama ke bayarwa. Haɗarin ya fi yawa idan aka koma danne ciwo da tramol, ko shan diclofenac kullum ba umarnin likita, wanda ke iya lalata ƙoda da tumbi. Mai aikin ƙarfi da ya haura 40 yana buƙatar barci, ruwa, lanƙwasa gwiwa a maimakon baya wajen ɗaga kaya, da awon jini kamar kowa.

Matasan fada ma maganar ba ta bar su ba. Tsoka da ƙashin da mutum zai ci gajiyarsu a shekara 50 ana tara su ne kafin 30, kamar hatsin rumbu. OMS na ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Kwalbar lemu ɗaya mai santilita 33 na iya ɗauke da giram 35 na suga, kafin a zo ga shayi na ɗaya, na biyu da na uku. Ɗunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne.

Akwai abin da ɗa ko ƴa za su iya yi wa iyaye tun daga wannan mako. Wanda ke waje ya sa na'urar awon jini ta hannu a cikin tsarabar da zai aiko, ya kuma riƙa tambayar adadin da ta nuna idan ya kira gida. Wanda ke gida ya ajiye moto, ya raka mahaifinsa masallaci mai ɗan nisa a ƙafa, ko ya taka da mahaifiyarsa zuwa kasuwa. Dattijo zai iya ƙin jin shawarar ɗansa, amma da wuya ya ƙi rakiyarsa.